Yadda Na Kai Baba Tamale Ya Ɗanɗana Iska

Litinin: Jega zuwa Kandi

Ƙarfe biyar da minti arba'in na asuba muka bar ƙofar gida a Jega, ni da mahaifina Malam Isufu, da jaka ɗaya da buta da sandarsa. Waɗanda suka san Baba sun san shekara shida ke nan da idanunsa suka rufe. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne a Tamale aka haife shi, a unguwar Sabonjida. Kakanmu fataucin goro ya kai shi can, ya auri Badagomba. Shekarar da aka ce baƙi su bar Gana ya ɗauko Baba yana ɗan shekara sha huɗu ya dawo da shi Jega, uwar ta zauna da ƙaramar 'yarta Azara, wadda a lokacin ba ta wuce shekara huɗu ba. Uwar ta rasu Baba bai sake ganinta ba. Bara ne wani dillalin shanu ya kawo mana lambar wata tsohuwa a Sabonjida, ya ce ita ce Azara.

Sau uku suka yi magana a waya. Baba ya ce murya a waya ba shaida ba ce, sai an kai shi ya shaƙi iskar gidan, domin iskar Tamale tana da ɗanɗano, kuma har yau yana jin sa a bayan harshensa. Ni kuwa malamin kimiyya ne a ƙaramar sakandare. Shekara goma sha ɗaya ina rubuta wa yara a allo cewa iska ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, wanda ya rubuta akasin haka in ja masa jan biro. Wata rana da yamma a zaure na ce wa ƙanena cikin raha, mu kai Baba Gaya ta Nijar mu zaga da shi mu ce ga Tamale, ai ba gani yake ba. Ban san yana alwala a bayan ƙofa ba. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Nasiru, ku kai ni inda kuka ga dama, iska za ta gaya mini." Kunyar maganar nan ce ta sa ana ba da dogon hutu na shirya tafiyar.

Mun isa Kamba takwas da kwata a wata tsohuwar motar haya, kilomita ɗari da 'yan kai. A bakin iyaka aka duba takardunmu da katin rigakafi, muka wuce Gaya. Da muka doshi gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil sai na yi wa direba alama ya yi shiru, don in gwada tsohon. Tun ba mu hango ruwan ba Baba ya ɗaga kai ya ɗan buɗe baki.

"Iska ta yi nauyi," in ji shi. "Akwai ruwa gaba, kuma babba."

"Baba, ƙarnin kifi ne ka ji, ba iska ba."

"To wa ya kawo mini ƙarnin, kai?"

Direba ya yi dariya har da dukan sitiyari, ya ce, "Malam, mi kaka ja da tsoho? Ya hi ka hanci."

A Malanbil, cikin ƙasar Benin, muka canza kuɗi zuwa sefa, muka shiga motar Kandi. Kasuwar garin cike take da albasa, ko ni mai musu sai da idona ya yi ruwa. Ƙarfe huɗu da rabi muka sauka a Kandi, wani Bazabarme mai masauki a zango ya ba mu ɗaki da tabarmi biyu. Mun ci sakwara da miyar gyaɗa da wagashi, wato cukun nonon shanu da ake soyawa. Baba ya ce iskar Kandi ba ta da gishiri. Na rubuta a littafina don in ga ko zai canza magana a dawowa.

Talata: Kandi zuwa Jugu

Shida daidai muka tashi. Mota ta mutum bakwai ce, aka zuba mu goma sha ɗaya, ban da kaji. Na biya kujerar gaba don Baba ya samu taga, shi kuwa ya kafa fuska a wajen tun daga Kandi har mararrabar Indali, kilomita ɗari da hamsin ko fiye. Shingayen hanya huɗu muka wuce. A ɗaya wani jami'i ya leƙo ya ga tsoho makaho baki buɗe, ya tambaye ni da Faransanci, direba ya fassara cewa yana tambaya ko numfashi ne ke ba shi wahala. Na ce lafiyarsa lau, bincike yake yi.

Gaskiya zuwa nan abin ya fara ba ni sha'awa. Ni ma na riƙa gwadawa a ɓoye, in ɗan buɗe baki in ja iska ta kan harshe. Ban ji komai ba sai bushewar maƙogwaro da ƙauri daga injin motar. Amma duk abin da Baba ya faɗa, in na duba sai in ga dalilinsa a gefen hanya. Ya ce iska ta yi zaƙi, sai ga gonar masara ta fid da bununi. Ya ce ta yi ƙauri, sai ga masu gawayi. Wannan ya ƙara mini ƙarfin gwiwa cewa ni ke da gaskiya, iska 'yar aike ce kawai, kayan wasu take ɗauke da su.

Mun kwana a Jugu, inda muka isa bayan la'asar. Baba ya ce ya tuna garin, nan babbar motar da ta kwaso su ta lalace suka yi kwana biyu, kuma nan ne ya fara gane cewa ba za a koma ɗauko uwarsa ba.

Laraba: Jugu zuwa Tamale

Biyar da rabi muka kama hanya. Da muka shiga Togo agogo ya koma baya da awa ɗaya, na yi murna da ribar. Kusa da Kara, cikin duwatsu, Baba ya ce iskar ƙasar nan tsami gare ta. Na leƙa na ga mata sun jera manyan tukwane suna dafa burkutu. Da na gaya masa ya yi a'uziyya ya rufe baki da hannun riga, sannan ya ce ai dai bai yi kuskure ba.

Mun tsallaka zuwa Gana ta Tatale wajen sha ɗaya, muka canza sefa zuwa sidi. Daga nan Zabzugu, sai gadar kogin Oti, sai Yandi, inda muka yi azahar muka ci wake da shinkafa a ganye.  Kilomita kusan ɗari ne daga Yandi zuwa Tamale, Baba ya yi su a zaune tsaf, hannu biyu a kan sanda, yana jan iska a hankali yana saki.

Biyar da minti ashirin muka shiga gari. Ban taɓa ganin babura da yawa haka ba, maza da mata, har tsofaffin mata da mayafi da goyo suna tuƙi, ga kekuna, ga kekunan haya masu ƙafa uku da suke kira yalo-yalo. Ɗan Gwaggo Azara, Alhasan, magidanci mai 'ya'ya huɗu, shi ma yalo-yalo yake ja, shi ya tarye mu a tasha.

"Amaraba, amaraba. Ticha, kun zo lafiya? Lori ya wahal da ku?"

Baba ya juya kai dama da hagu. "Ina ne nan?"

"Tamale, Baba."

Ya ja iska, ya yi tari saboda hayaƙin babura.

Gidan Gwaggo a Sabonjida na bulo da siminti ne, rufin kwano, kusa da wani ƙaramin masallaci. Ita gajeruwa ce mai irin goshin Baba sak, ni da ke da ido ban yi shakka ba ko na minti ɗaya. Ta kama hannayensa biyu tana kuka tana cewa, "Yaya, Yaya, ka zo." Shi kuwa ya zare hannu a hankali ya ce, "Sannu, Hajiya. Mun same ku lafiya?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ta yi tuwon zafi da miyar ayoyo da zabuwa guda. Loma biyu ya yi ya wanke hannu. Bayan magariba muna zaune a tsakar gida ya ce da ni, ba tare da ya rage murya ba, "Nasiru, an yi nisa, wannan na yarda. Amma nan ba gidanmu ba ne. Ko kai ka yaudare ni, ko an yaudare mu mu duka." Na ce ga sunan uwarsu ta faɗa, ga sunan kaka. Ya ce duk wannan ni ma na san su, kuma ina da waya. Ya ce jibi in mayar da shi gida. Gwaggo tana bakin murhu, ta ji komai, ta ci gaba da kankare tukunyar da ta riga ta fita.

Alhamis: Aboabo da bayan gari

Abin dariya, ni da na ce iska ba ta da ɗanɗano, ni ne na wayi gari ina neman ɗanɗanon iskar Tamale ido rufe. Dabarata mai sauƙi ce. Tunda kowace iska da Baba ya ɗanɗana a hanya akwai abin da ya haife ta, to wannan ma akwai, sai dai a nemo shi. Bayan mun sha koko da ƙosai Alhasan ya ɗauke mu a yalo-yalonsa zuwa kasuwar Aboabo.

Mun fara da layin masu man kaɗe, inda aka jera shi a manyan ƙore. Baba ya tsaya ya ja iska ya ce akwai ɗan kama, amma wannan ƙamshin kasuwa ne, ko a Jega akwai shi. Muka je layin daddawa, ya ce a'a. Layin busasshen kifi, a'a. Wajen masu goro ya ɗan jima, ya ce wannan warin rigar babansa ne, ba na gari ba. Wata mai daddawa ta tambayi Alhasan me tsohon yake nema, ya ce iska. Ta ce, "Ai shi ba a sayarwa, ku ɗiba kyauta."

Alhasan ya ce wataƙila shanu ne, don a da har cikin gari ake kiwo. Muka fita bayan gari kilomita takwas zuwa wata ruga, wata mai nono ta dama mana fura. Baba ya sha ya gode, ya ce iskar nan mai kyau ce amma ba ita ba ce. A hanyar dawowa na ce ya kwatanta mini ita sosai, yadda zan fahimta.

"Ɗaci kaɗan, can baya," in ji shi. "Da maiƙo. Da sanyin ƙasa. Kuma ba kullum take zuwa ba, sai an fara yayyafi."

Na yi murna, don hadari ya haɗu a gabas. Ƙarfe uku da rabi muna shiga gida ruwa ya sauko. Na kai shi bakin baranda na tsayar da shi, ya miƙa wuya ya buɗe baki, mu duka muna kallonsa. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce, "Kwano da kwata," ya laluba ya koma ɗaki. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na fara tunanin wataƙila abin da yake nema babu shi a duniya, a cikin kansa kawai yake.

Gwaggo ta kira ni gefe. Hausarta irin ta can ce, mace da namiji duk "ya" ne.

"Yaro na, ya ce in ruwa ya zo ne yana ji shi?"

"Haka ya ce, Gwaggo."

"Da ɗaci?"

"Da ɗaci da maiƙo."

Ta dubi bangon gidanta na siminti, ta shafa shi da tafin hannu. Ta ce gobe kada mu je tasha sai ta kai mu wani wuri, in bai yi ba mu tafi, ba za ta riƙe kowa ba.

Juma'a: ƙauyen kakarmu

Bakwai da rabi muka fita mu huɗu ta hanyar Kumbungu, kilomita ashirin da wani abu, sannan muka saki kwalta. Baba ya yarda ya zo ne kawai don na ce masa daga nan sai tasha. Ƙauyen dangin uwarsu ne, ɗakuna zagayayyu na ƙasa da jinka, an haɗa su da katanga gajeriya. Matan gidan suka durƙusa suna gaisuwa da Dagbanci, ana ta amsa "naa, naa". Abin da na fara lura da shi shi ne bangayen ba ja ba ne irin na ƙasar wurin. Baƙi-baƙi ne, suna ɗan ƙyalli.

Gwaggo ta yi mini bayani. In mata sun soya ƙwarar kaɗe sun niƙa sun buga sun kwashe mai, akwai wani baƙin ruwa mai kauri da yake saura. Ba a zubar da shi. Shafe bango da daɓe ake yi da shi, don kada ruwan sama ya ci ginin. Ta ce a da duk Sabonjida ginin ƙasa ne, kowane gida haka ake yi masa, kuma uwarsu sana'arta ke nan, gidansu ya fi na kowa shan shafe. Da siminti ya zo aka bari.

Rana ta riga ta bugi bangon gabas ya ɗauki zafi. Gwaggo ta kama hannun rigar Baba ta tsayar da shi kamar taku ɗaya daga bangon. Ta ɗebo ruwa a ƙwarya, ta riƙa yarfa shi da yatsu kaɗan-kaɗan, yadda yayyafi yake yi. Bangon ya tsotse, wani ɗan tururi ya tashi.

Baba ya ja iska sau ɗaya. Na ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya jingina sandarsa a jikina, ya miƙa hannu ya taɓa bangon, ya matsa har goshinsa ya kusa taɓa shi.

"Azara," in ji shi, "ƙara."

Ta ƙara, rabin ruwan a ƙafarta ya zube.

"Mma yana ba ka ƙwarya ka riƙe," in ji ta, tana nufin uwarsu. "Ni ban tuna fuskar ka ba, Yaya. Hannu na na tuna, ya yi baƙi."

"Ke ce kika tsoma hannu kika manna a farar rigar babanmu, aka doke ni."

"Ni ne."

Suka zauna a gindin bangon su biyu, tsoho da tsohuwa, suna kuka suna dariya, yana ta shafa kanta yana cewa ashe ta girma. Alhasan ya tafi duba tayar da ba abin da ya same ta. Ni ma na yi hawaye, ba zan ɓoye ba.

Da aka natsu na karɓi ƙwaryar na yarfa da kaina, na buɗe baki. Akwai shi. Ɗaci ne siriri a can bayan harshe, da wani maiƙo-maiƙo a dasashi, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Amma hali ba ya barin mutum, sai da na ce, "Baba, ka ga dai bango ne, ba iska ba."

"Nasiru, kai ka taɓa shaƙar iskar da ba ta bi ta kan komai ba?"

Na yi tunani da gaske. Irin wannan iskar a littafi kawai na san ta, ban taɓa shaƙarta ba, kuma ban san wanda ya taɓa ba. Na ce masa a'a. Ya ce to in bar yaran mutane su huta.

Mun dawo gari a kan lokacin sallar Juma'a. Da rana Baba ya cinye tuwonsa ya nemi ƙari. Ya kira ni ya kama hannuna ya ce ya zarge ni da abin da ban yi ba, in yafe masa. Na ce ni na fara, da bakina.

Asabar da komawa gida

Asabar da safe ina haɗa kaya ya ce in cire nasa. Ya ce shekara hamsin da wani abu ya ba Jega, abin da ya rage zai ba Azara, in gaya wa 'yan'uwana kada kowa ya tayar da hankalinsa, mai son ganinsa ya san hanya yanzu. Na kawo maganar magani da asibiti, Alhasan ya ce duk akwai a Tamale. Na kawo maganar jikoki, Baba ya ce a kawo su hutu. Na ji daɗi, kuma na ji haushi, don ban kawo shi don in bar shi ba.

Lahadi biyar da kwata na asuba Alhasan ya kai ni tasha. Gwaggo ta cika mini jaka da man kaɗe da daddawa da doya huɗu. Na bi hanyar da muka zo, na kwana a Jugu, na kwana a Kandi. Kujerar taga na riƙa samu, ba wanda zan ba. Talata ƙarfe huɗu da minti goma na yamma na sauka a Jega lafiya.

Ina godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da ni. Ina godiya ga Alhasan da ya ajiye aikinsa kwana uku, da masu masaukinmu na Kandi da Jugu, da direbobin da suka yi haƙuri da tsoho mai buɗe taga ko ana ruwa, da Gwaggo Azara da aka kira Hajiya a gidanta ta haɗiye.

Bayan na gama yi wa 'yan gida bayani, maiɗakina ta ce tunda Baba ba ya nan bari a share ɗakinsa a buɗe taga ya sha iska, kwana takwas yana rufe. Na ce bari in fara shiga in kwashe littattafansa. Ina tura ƙofar na tsaya. Shekaru ina shiga ɗakin nan safe da yamma ban taɓa jin komai ba, ranar kuwa ga shi nan a cike, goro da man zafi da tsohon buzu da turaren da yake shafawa ran Juma'a. Na fito na ja ƙofar, na ce mata a bar tagar a rufe tukuna.